Yanar da Na Goge

Jama'a, yau da yatsa ɗaya nake muku rubutun nan, don sauran duk samfefa, takardar nan mai kaushi ta kankare katako, ta cinye musu fata. Wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri. Kuma don Allah kar kowa ya fara yi min dariya sai ya kai ƙarshe, ni kaina har yanzu ban san ko dariya ya kamata in yi ko kuka ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce autar gidanmu. Auta kowa ke kirana, har maigidan da nake wa aiki a shagon buga katin biki. Eh, katin auren mutane nake bugawa daga safe zuwa yamma, nawa kuwa an rasa ranar bugawa. Ba wai babu manemi ba, akwai. Dogo ne, mai natsuwa, kullum rigarsa a goge har karin guga yana neman yankar mutum. A shagon tabarau yake aiki, shi ke gwada idon mutane ya zaɓa musu gilashi. Laifinsa ɗaya, magana tana yi masa tsada. In na tura masa saƙo mai tsawon zani, sai ya amsa da "To." Ran da ya ji daɗi sosai ya ce "To madalla." Yayata ce ta raɗa masa suna Gajeren Saƙo, haka kuma na ajiye lambarsa a wayata.

Ina sonsa? Kar ku tambaye ni. In ya yi kwana biyu bai zo ba sai in dinga leƙen ƙofa, in ya zo ya zauna ya yi shiru yana murmushi sai in ji kamar in watsa masa ruwa.

To, Baba ne ya sa ni a gaba. Baban da bai taɓa gaggauta kowa ba, wanda ya bar Yaya ta gama karatunta tsaf kafin a yi maganar aure, shi ne kwanan nan ya tashi da sauri kamar ana korarsa. Ranar Laraba ya kira ni falo, yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga.

"Auta, ba dole zan yi miki ba. Amma yaron nan ya daɗe yana zuwa. Ranar Asabar da yamma nake son amsa, eh ko a'a."

"Baba, saurin me ake yi?"

"Ina so in ga abin nan da idona."

Na ce a raina, ji Baba, da idon wa zai gani in ba nasa ba? Na ce to, na tashi.

Sai kun san Mutuniyar kafin ku gane sauran. Mutuniyar ita ce motar Baba. Direban kamfani ne shi tun kafin a haife ni, da ya ajiye aiki ya sayi wannan tsohuwar motar mai ruwan toka, ya sa mata suna. Kullum da safe sai ya goge ta kafin ya sha shayi. Ka ce wa Baba hularsa ta tsufa, zai yi dariya. Ka ce Mutuniyar ta tsufa, ranar ba zai ƙara yi maka magana ba. Tuƙi kuwa shi ne mutuncinsa, har yau in ya fara labarin shekarun da ya yi a kan titi bai taɓa buge ko kaza ba, sai Mama ta tashi ta shiga kicin.

Amma fitilun gaba na Mutuniyar sun lalace, wannan kam gaskiya ne. Robar da ke rufe su ta yi rawaya, ta dushe, kamar tsohon bokitin da aka manta a rana. Duk sanda Baba ya dawo da yamma maganarsa ɗaya ce: "Fitilun nan sun yi yana. Ba sa haska komai." Har mun haddace.

Ranar Juma'a da yamma Gajeren Saƙo ya zo, tayar babur ɗinsa ta yi faci a ƙofar gidanmu, ga hadari ya haɗo. Baba ya ɗauki mabuɗi ya ce shi zai kai shi gida. Suka bar babur ɗin wurin mai faci, suka tafi. Da Baba ya dawo bai zauna a falo ba, sai dai na ji yana ce wa Mama, "Yanar nan ta fitila ta kusa sa in hau shingen titi." Ya shige ɗaki.

Da safiyar Asabar, ranar amsa, ina ɗaure ɗankwali a gaban madubi, wayata ta yi ƙara.

Gajeren Saƙo: Barka da safiya. Yanar Baba ta yi yawa. A duba kafin ta ƙaru.

Na karanta, na sake karantawa. Wato sau ɗaya tal ya shiga motar mahaifina, har ya fara lissafa mata aibi? Mutumin da aka taimaka aka kai shi gida cikin ruwa? Ko na gode bai rubuta ba! Kuma yau, yau ɗin da ake jiran amsata? Na ce lallai, ashe shirun nan nasa ba kunya ba ce, raini ne yake tarawa.

Ni: Na gani. Yau zan goge ta da kaina.

Gajeren Saƙo: Da kanki?

Ni: Eh. Ina da hannu.

Gajeren Saƙo: Da me?

Ni: Samfefa da ruwan sabulu. In gama da man goge baki.

Na ga alamar yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

Gajeren Saƙo: Wasa kike?

Ni: Na kalli bidiyon yadda ake yi. Ba wuya.

Gajeren Saƙo: Auta kar ki taɓa. Aikin ƙwararru ne.

Aikin ƙwararru! Ku ji min mutum. Wato ni mace ce, ban iya komai ba sai buga kati. Sai ga kiransa ya shigo. Na katse. Ya sake kira, na sake katsewa. Na kashe ƙarar wayar, na tura ta ƙarƙashin filo, na ce ka yi ta kira har batir ya mutu. A lokacin na gama yanke hukunci: zan goge fitilun nan su yi ƙal, in ɗauki hotonsu in tura masa, sannan in je gaban Baba in ce a'a.

Na zura hijabi na fita shagon kayan fenti na bakin titi. Na sayo samfefa kala uku, mai kaushi, matsakaiciya, da wata mai laushi kamar takardar littafi. Na haɗo da salatif na takarda, da ɗan gwangwanin feshi mai kare roba daga rana. Na dawo na cire doguwar rigata, na sa tsohuwar rigar barci mai hoton fure da wandon Yaya da ta bari tun kafin aurenta, na naɗe ƙafafunsa. Na ɗauko bokiti, sabulu, sabon man goge baki na gidan gaba ɗaya, da wata tsohuwar singiletin Baba.

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Ke kuma ina za ki da wannan shiga kamar mai gyaran famfo?"

"Yanar fitilun Baba zan goge, Mama. Yau ƙorafi ya ƙare."

Ta tsaya tana kallona. Ta kalli ƙofar ɗakin Baba. Can ta ce, "Allah ya ba da sa'a," da wata irin murya, ta koma ciki. Na ɗauka haushin man goge bakin ne.

Yaya ta zo yini da jaririyarta, tana zaune a baranda tana ba ta nono, ta samu abin kallo kyauta.

"Amarya mai samfefa! Angon ne ya sa ki?"

"Yaya, ki bar ni."

"Au, an yi faɗa? Me ya ce? Ko 'To' ɗin ce yau bai sa mata aya ba?"

Ban kula ta ba. Na wanke fitilun da sabulu, na share, na bi gefensu da salatif don kar in kankare fentin Mutuniyar, don in na yi wannan sai dai in nemi wani gidan. Na jiƙa samfefa mai kaushi a bokiti kamar yadda mai bidiyon ya ce, na durƙusa, na fara gogawa daga hagu zuwa dama, ina watsa ruwa. Wani ruwa rawaya ya dinga gangarowa kan bamba yana ɗiga a silifas ɗina. Na ji daɗi, na ce ga dattin shekaru yana fita.

Ina goga ina faɗa da shi a raina. Kai ɗin wa? Babur ɗinka da ya yi faci fa? Sai kuma wata zuciyar ta ce, amma Auta, mutumin nan bai taɓa raina kowa ba, shi ne fa yake durƙusawa har ƙasa ya gaida Baba. Sai ta farkon ta ce, ai irinsu sun fi iya raini. Na rasa wadda zan bi, sai na ƙara danna samfefar.

Da na ɗauraye na share, gabana ya faɗi. Fitilar ta yi fari fat, kamar an shafa mata madara. Da ana ɗan hango ƙwan ciki, yanzu ko alamarsa babu.

"Innalillahi! Yaya, zo ki gani!"

Ta taso da jaririya a kafaɗa, ta leƙa, ta kama baki. "Auta, kin makantar da Mutuniyar."

"Mai bidiyon ya ce haka take yi da farko."

"Mai bidiyon zai zo ya tsaya gaban Baba?"

Na so in ɗauko waya in sake kallo, na tuna wanda ke cikinta yana jirana, na fasa. Hawaye ya cika min ido. Ga rana ta taso, ga gumi yana shiga min baki, ga yatsuna sun fara zafi. Na ce ko dai gaskiyarsa ne, aikin ƙwararru ne? Wannan tunanin kaɗai ya sa na sake durƙusawa.

Na ɗauki matsakaiciyar, wannan karon daga sama zuwa ƙasa, don ta share zanen ta farko. Na yi ta yi, ina jiƙawa, ina gogawa. Na koma mai laushin. A hankali farin ya fara sakin jiki, ya koma kamar gilashin taga da aka huce masa numfashi. Na matsa man goge baki a singiletin, na shiga murzawa zagaye-zagaye har kafaɗata ta ce ta gaji. Duk tsakar gidan ya ɗauki ƙamshin na'ana'a. Na ɗauraye, na share da busasshen gefen.

Jama'a, sai ga ƙwan fitila yana kallona! Har na ga fuskata a ciki, ɗankwali a karkace, farin man goge baki a goshi.

Yaya ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kar jaririya ta tashi. "Ke, ashe da gaske kike! Ki bar buga kati kawai."

Ta biyun ta fi sauƙi tunda na san hanya. Na bari suka bushe, na fesa musu maganin rana, na ɓare salatif. Mutuniyar ta koma yarinya. Na yi wanka, na sa atamfata shuɗiya da mayafi ruwan madara, na shafa man zafi a yatsu, na zauna jiran yamma. Amsata tana bakina a shirye. Sai dai duk sanda na gwada faɗin "a'a" a raina, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, ban san dalili ba.

Baba bai fito ba sai da rana ta faɗi. Ya sa farar rigarsa da hula, da alama fita zai yi, don Gwaggo, ƙanwarsa, tana hanya kuma ya yi alkawarin ɗauko ta a tasha. Na tare shi da murna.

"Baba, zo ka ga Mutuniyar!"

Na karɓi mabuɗin a hannunsa, na shiga na kunna fitilun. Haske ya bugi bangon gidan fari tas, har ƙadangaren da ke maƙale a kai ya ruga. Yaya ta kare fuskar jaririya da hannu. Mama da ke bakin ƙofa ta runtse ido. Na fito ina washe baki, mabuɗin a hannuna, ina jiran a sa min albarka.

Baba ya tsaya gefen motar, hannu a baya, yana kallon bangon. Ya daɗe.

"Sannu da ƙoƙari, Auta. Allah ya yi miki albarka." Ya ɗan matsa gaba, ya karkata kai. "Amma har yanzu da saura. Dishi-dishi nake ganinsu. Ina jin ƙwan ne ya mutu."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. "Kai Baba! Wannan hasken?"

Babu wanda ya taya ni. Na kalli Yaya, ta daina murmushi. Na kalli Mama, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Sai na juya na kalli Baba sosai, irin kallon da na daɗe ban yi masa ba. Hasken da ya dawo daga bango ya sauka a fuskarsa. A tsakiyar baƙin idonsa akwai wani fari-fari, toka-toka, irin wanda na wuni ina kankarewa.

Abubuwa suka dinga dawo min ɗaya bayan ɗaya. "Auta, karanta min saƙon nan, rubutun wayar nan ya ƙanƙance." Shayin da ya zuba a gefen kofi ya ce kofin ne ya goce. Ran da ya fita da silifas ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ruwan ƙasa muka yi ta yi masa dariya, shi ma yana dariya. Ina so in ga abin nan da idona.

Na ruga ɗaki na ɗaga filo. Kira ba adadi. Saƙonni a jere.

Gajeren Saƙo: Au. Mota kike nufi?

Gajeren Saƙo: Ni ba fitila nake nufi ba.

Gajeren Saƙo: Idonsa.

Gajeren Saƙo: Yanar ido ce. Ana cirewa a asibiti, ana warkewa. Tsoron aikin yake.

Gajeren Saƙo: Jiya sau biyu na kama sitiyari.

Gajeren Saƙo: Ya ce zai je tasha da yamma. Kar ki bari. Ina tashi aiki zan zo.

Tunda na san shi bai taɓa rubuta min magana mai yawan wannan ba, ni kuma na danne ta da filo. Na san wasunku tun a sama suka gane, suna ta cewa wannan yarinya anya kanta ɗaya? Mutum yana aikin ido, ya ce yana, ke kika tafi mota! Ku faɗa, na cancanta. Na zauna bakin gado ina kallon yatsuna da suka saɓule. Na tuno saƙon da na tura masa, samfefa da man goge baki, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Wani bawan Allah yana can wurin aiki yana tunanin zan durƙusa kan idon mahaifina da samfefa. Dariya ta taso min ta haɗu da kuka a maƙogwaro, ban san wanne ya fara fita ba.

Amma abu ɗaya ya warware a raina a take. Nauyin nan da ke danne min ƙirji ya sauka. Amsata eh ce. Ashe tun can eh ce.

"Auta!" Muryar Baba daga tsakar gida. "Kawo mabuɗin, gwaggonki na jira."

Na fito a hankali. Fitilun suna nan a kunne. Baba ya miƙa hannu, amma ba wajena ba, wajen Yaya ya miƙa, ita ma shuɗi ne a jikinta.

"Ba ni mana. In na dawo kuma sai ki ba ni amsata."

Yaya ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Mama ta juya mana baya. Na damƙe mabuɗin har ya shiga ciwon yatsana. Tunda nake ban taɓa hana Baba abin da ya nema ba, balle mabuɗin Mutuniyar.

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Na je na buɗe. Shi ne, hular kwano a hannu, yana haki, rigar nan da ba ta taɓa yamutsewa ba duk ta jiƙe da gumi. Hasken fitilun ya dalle masa ido, bai ga kowa a bayana ba. Ko sallama bai gama ba.

"Auta, kin ga saƙona? Kar ki bar Baba ya tuƙa. Idon nan nasa..."

Na yi masa alama da hannu, amma ina, magana ta riga ta fita. Mutumin da kullum muke roƙo ya yi magana, yau da ya kamata ya yi shiru ya buɗe baki.

Baba ya sauke hannunsa a hankali.

"Wane ido?"

Ni ce na amsa masa.

"Baba, yau ba za ka tuƙa ba. Yaya za ta kira wa Gwaggo tasi."

Bai ko juyo wajena ba. Ya fuskanci ƙofa, ya tsayar da idonsa a kan ginshiƙin da ke gefen Gajeren Saƙo, yana zaton shi yake kallo.

"Kai ne ko? Kai da na riƙe hannunka a cikin motar nan jiya, na ce maganar ta tsaya tsakanina da kai?"

"Baba, ka yi haƙuri, ranka nake..."

"Don shirunka na zaɓe ka."

Gajeren Saƙo ya durƙusa a wurin, hular kwanon ta gangara ƙasa. Na buɗe baki in ce Baba na amince, eh ce amsata, eh, tun kafin a tambaye ni. Baba ya riga ni. Ya cire hularsa, ya lalubi bango da hannu ɗaya, ya nufi ɗaki. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Auta, kashe fitilun nan, kar batir ya mutu. Amsar kuma ki riƙe abarki. Ni na fasa maganar auren."